Sautin Marimba da Duwatsun Birnin Kudu Masu Amo

Ga rubutaccen shirin wannan makon, domin waɗanda data ba ta bari su saurara ba, da waɗanda dama karatu ya fi musu daɗi.

Yau maganar kayan kiɗa za mu yi. Na san tun kafin in yi nisa wani zai ce, ana fama da tsadar abinci da rashin aikin yi, kai kuma kiɗa ne ya dame ka? Ku ɗan yi haƙuri da ni. Labarin wani katako ne da kusan kowa a cikinku ya san muryarsa amma bai san kamanninsa ba, kuma wani ɓangare na labarin yana nan kusa da mu, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a mota daga Dutse.

Sunan abin marimba. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai tsohuwar iPhone ya ji shi. Lokacin da kamfanin Apple ya fito da wayar a 2007, ƙarar kiran da aka fi saninta da ita sunanta ke nan, Marimba, kuma ita ce ke zuwa a kan wayar har 2013 da suka sauya ta. Wannan ɗan sauti mai taushi, mai kama da ɗigar ruwa a cikin tulu, shi ne kuma kuke ji a ƙarƙashin waƙar Shape of You ta Ed Sheeran ta 2017, da waƙoƙin rawa masu yawa na zamaninmu. In kuka kasa kunne sosai, za ku tsinto irinsa a wasu waƙoƙin nanaye da ake sakawa a gidan biki.

To mene ne shi? A sauƙaƙe, katakai ne ake fafewa a jera su a kan wani gado, daga dogo zuwa gajere. Dogo yana ba da murya mai kauri, gajere mai kaifi. Ana dukansu da sanduna masu dunƙulallen kai na roba ko na zare. A ƙarƙashin kowane katako ana rataye gora, babba ga babban katako, ƙarama ga ƙarami, don iskar da ke cikin goran ta amsa ta ƙara wa sautin ƙarfi. Akwai lissafi a ciki fa. Katako in an buge shi yana karkarwa ne, amma akwai wurare biyu, kusan kashi ɗaya cikin biyar daga kowane baki, da ba sa motsi. Nan ake ɗaure igiya. Ka ɗaure a wani wurin, ka kashe muryar. Masassaƙan Afirka sun gano wannan da kunne da hannu tun ƙarnoni da suka wuce.

Akwai kuma wani ɗan sirri da nake so ku riƙe, don za mu dawo kansa. A jikin kowane gora ana huda ƙaramar kafa, a liƙe ta da farar yanar nan da gizo-gizo ke rufe ƙwansa da ita. Yanar gizo ta ainihi ke nan, ba ta intanet ba. In an bugi katakon sai yanar ta ɗauki rawa, sautin ya fito da ɗan zirrr a bayansa. Yanzu wasu siririyar leda ko takarda suke sawa, amma manufar ɗaya ce.

Bari mu fara daga inda tarihi ya rubuta. A 1352 matafiyin nan na Maroko, Ibn Battuta, ya isa babban birnin daular Mali a zamanin Mansa Sulaiman, ɗan'uwan Mansa Musa. A cikin labarin tafiyarsa ya bayyana wani babban bafade mai suna Dugha, tafintan sarki, wanda a ranar idi yake zama gaban sarki yana buga wani abin kiɗa da aka jera goruna a ƙarƙashinsa. Masana sun yi ittifaƙi cewa bala ne yake nufi, wanda duniya ta fi sani yau da balafon. Mutanen Mande kuwa suna kai labarin baya fiye da haka, zuwa zamanin Sumanguru Kante sarkin Sosso, wanda Sunjata Keita ya ci da yaƙi wajen 1235. A garin Niagassola da ke arewa maso gabashin ƙasar Gini, zuriyar Kouyate na riƙe da wani bala da suke kira Sosso Bala, suna cewa shi ne na Sumanguru, wanda kakansu Balla Fasseke ya buga. Ba kullum ake fito da shi ba, kuma ba kowa ke taɓa shi ba. Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin kayan gadon bil'adama a 2001.

Abin da ya ɗaure mini kai a nan shi ne, Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Wato daidai lokacin da Ibn Battuta ke kallon Dugha. Sun zo da ilimi, sun zo da fatauci, amma bala bai kafu a fadojin ƙasar Hausa ba. Namu sarakunan fata da ƙaho da ƙarfe suka zaɓa: tambari, kotso, taushi, algaita, kuge, sai kakaki da ake dangantawa da zamanin Muhammadu Rumfa. A ganina akwai dalili. Kiɗan Bahaushe bawan magana ne. Kalangu ana matsa shi a sake shi ya bi hawa da saukar harshe, ya kira sunan mutum, ya yi masa kirari. Mu waƙar ce gaba, kiɗa na biye. Wanda ya taɓa sauraren Shata ya san abin da nake nufi.

Ita kalmar marimba ba daga Mali ta fito ba. Daga harsunan Bantu take, na yankin Angola da Kongo da Mozambik. Can ma abin ya daɗe. Wani limamin Kirista ɗan Fotugal, João dos Santos, ya bayyana irinsa a littafin da ya wallafa a 1609 bayan zamansa a yankin Mozambik. Har gobe mutanen Chopi na ƙasar suna haɗa gungun makaɗa masu yawa, kowa da nasa, manya da ƙanana, suna kiran su timbila.

Sai cinikin bayi ya zo. Sama da mutum miliyan 12 aka loda a jiragen ruwa daga gaɓar Afirka zuwa nahiyar Amurka. Ba wanda aka bari ya ɗauki kayan kiɗansa. Mutum tsirara aka tura shi cikin jirgi, da sarƙa. Abin da ya tsallaka tekun shi ne abin da ke cikin kai: yadda ake zaɓar ice, yadda ake fafe cikin katako har ya faɗi muryar da ake so, yadda ake gwada gora. Da suka sauka sai suka nemi itatuwan can da gorunan can suka sake haɗawa.

A ƙasar Gwatamala, rubutu mafi daɗewa da ya ambaci marimba yana magana ne kan bikin buɗe babbar majami'ar tsohon babban birninsu a 1680. A hankali 'yan asalin ƙasar, Mayawa, suka karɓe shi ya zama nasu, da gorunansa da komai. Har ɗan zirrr ɗin nan ba su yar ba, sai dai maimakon yanar gizo-gizo, siririyar fatar hanjin alade suke liƙawa. A 1894 wani mutum mai suna Sebastián Hurtado a garin Quetzaltenango ya ƙera mai layi biyu, kamar farare da baƙaƙen maɓallan fiyano, aka maye goruna da akwatunan katako. Daga nan marimba ya iya buga duk waƙar da Turawa ke bugawa, ya shiga gidajen masu kuɗi. 'Ya'yan gidan Hurtado suka yi yawo da shi a Amurka, har suka buga a babban baje kolin San Francisco na 1915. A 1978 Gwatamala ta ayyana shi a matsayin kayan kiɗan ƙasa, a 1999 kuma ta ɗaga shi zuwa alamar ƙasa, sahun tuta da taken ƙasa. Har yau akwai 'yan ƙasar da ba sa son a ce daga Afirka ya zo, suna cewa kakanninsu Mayawa ne suka ƙirƙiro shi. Sunan dai na Bantu ne, ƙirar ma haka. A jihar Chiapas ta Meziko abin haka yake, a gaɓar tekun Kolambiya da Ekwado kuwa jikokin bayin ne da kansu ke riƙe da shi, suna sassaƙa shi da icen wani irin kwakwa.

Amurkawa da suka gani sai suka kai shi masana'anta. Kamfanin Deagan na birnin Shikago ya fara ƙera shi da yawa, aka auna kowane katako da ma'auni, aka cire goruna aka sa bututun ƙarfe. A baje kolin Shikago na 1933 wani makaɗi, Clair Omar Musser, ya tara masu marimba 100 suka buga tare. Daga baya wata 'yar Japan, Keiko Abe, ta yi aiki da kamfanin Yamaha suka faɗaɗa shi ya zama babban abin da ake koyarwa a jami'o'i. Ku riƙe sunan Yamaha.

Amma kun san me aka jefar a hanya? Zirrr ɗin. Kunnen Bature yana jin sa kamar datti ne a cikin sauti, sai aka share. Alhali mu a nan shi ne gishirin. Ku tuna kuntigin Ɗan Maraya Jos, da ɗan ƙarfen nan mai zobba da ke kaɗawa a kansa. Ku tuna tsirkiyar da ake ɗaurawa a kan fatar ganga don ta riƙa ƙugi. Bahaushe bai yi marimba ba, amma kunnensa da na mai balafon abu ɗaya suke nema.

Wannan wankakken marimban ne ya shiga waƙoƙin zamani na Turawa. Brian Jones na ƙungiyar Rolling Stones ya buga shi a waƙar Under My Thumb a 1966. Ƙungiyar Toto ta Amurka ta sa shi a waƙarta ta 1982 mai suna Africa, don ta ba mai sauraro ƙamshin nahiyar da mawaƙan ba su taɓa takawa ba a lokacin. A gida Afirka kuma balafon bai tsaya a fada ba. Mory Kanté na Gini da balafon ya fara a ƙungiyar Rail Band ta Bamako kafin waƙarsa Yéké Yéké ta 1987 ta mamaye gidajen rawar Turai, Neba Solo na Mali kuma ya mai da balafon ɗin mutanen Senufo kiɗan matasa.

Yanzu ga inda labarin ya juyo gare mu. A 1991, shekarar da gwamnatin Babangida ta yanke Jigawa daga Kano ranar 27 ga Agusta ta mai da Dutse babban birni, kamfanonin kayan kiɗan lantarki na Amurka da Japan sun amince da wani jerin sautuka 128 da ake kira General MIDI. Manufarsu ita ce duk fiyanon da ka saya, ko na wane kamfani ne, lamba kaza ta ba ka sauti kaza. Lamba 13 a jerin ita ce marimba.

Na zauna na bi jerin nan ɗaya bayan ɗaya, kuma ina so ku ji abin da ke ciki. Indiya tana da sitar da shanai. Japan tana da koto, da shamisen, da shakuhachi, da gangar taiko. Masu asali da Afirka fa? Akwai marimba, wanda ya bi ta Gwatamala da Shikago. Akwai banjo a lamba 106, wanda bayi suka haɗa a tsibiran Karibiyan da Amurka bisa ƙirar molayen Afirka ta Yamma masu ƙoƙo da fata, dangin gurmin da marigayi Haruna Uji na Haɗejiya ya yi suna da shi. Akwai agogo a lamba 114, ƙararrawar Yarabawa ce, har sunan nasu ne, amma ta Birazil ta bi ta shiga. Akwai kalimba a lamba 109, wadda wani Bature, Hugh Tracey, ya daidaita ya riƙa ƙerawa a Afirka ta Kudu yana sayarwa duniya. Kun lura? Kowanne sai da ya bi ta hannun wani ya auna shi, ya ba shi tsayayyen ma'auni, ya kai shi kasuwa, sannan ya sami kujera. Babu kalangu a jerin. Babu goge, babu shantu, babu algaita.

Wannan jerin da ire-irensa su ne suka sauka Kano a cikin fiyanon Yamaha. Fim ɗin bidiyo na Hausa ya fara da Turmin Danya a 1990, kuma kafin shekaru goma su cika, situdiyoyin Kano sun koma haɗa kiɗan fim da fiyano samfurin PSR. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubutu mai yawa kan yadda wannan na'ura ta sauya kiɗan Hausa. Abin da yaran situdiyo suka yi, a gaskiya, basira ce. Sun shiga cikin sautukan da aka zuba don wasu mutane daban, suna lalube, suna neman wanda ya yi kama da sarewa, wanda ya yi kama da shantu, wanda ya yi kama da duman girke irin na Barmani Choge. Waƙar fim ɗin Sangaya, wajen shekarar 2000, ta nuna wa kowa cewa abin zai yi kasuwa. Sautukan katako da na ƙarfe masu ɗigowa, dangin marimba, sun dace da wannan laluben, domin sun fi kusa da amon ƙwarya da duma. Haka katakon da ya bar Afirka a cikin kawunan bayi ya dawo mana a matsayin maɓalli.

Na taɓa zama a wani ƙaramin situdiyo a nan Dutse, mai haɗa kiɗan yana ta danna wannan sautin a kwamfuta. Na tambaye shi ko ya san kamannin abin. Ya yi dariya ya ce shi dai ya san yana daɗi a ƙarƙashin muryar mace. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan, ba wanda ya taɓa nuna masa. Kuma ni ba na cikin masu zagin fiyano. Ita ce ta buɗe ƙofa ga yaron da ba a gidan makaɗa aka haife shi ba, a al'ummar da kiɗa gado ne kuma ana yi wa mai yin sa kallon maroƙi. Dubban matasa na cin abinci da ita. Sai dai kowa ya ga ɗaya gefen: bikin da a da zai ɗauki masu kalangu biyar da 'yan amshi, yau mutum ɗaya ne da lasifika. Ɗan makaɗi ya ga babu ci, ya kama acaɓa.

To mu a Arewa ba mu da irin wannan katako ne sam? Muna da shi, a gidan maƙwabta. Mutanen Bura na yankin Biu a Borno suna da tsinza. Terawa na Gombe suna da shinji. Birom na Filato suna da kundung. Abin sha'awa, maimakon goruna, ƙahonin shanu suke ratayawa a ƙarƙashin katakan, su liƙe tsinin da yanar gizo-gizo don zirrr ɗin ya fito. Daga Dutse zuwa Gombe ko Jos wuni ɗaya bai ƙarewa. Amma na tabbata da yawanmu mun fi sanin ƙarar iPhone fiye da muryar tsinza.

Sai kuma namu na gida, wanda shi ne dalilin shirin nan.

A Birnin Kudu, cikin masarautar Dutse, akwai duwatsu masu koguna da aka yi zane a jikinsu tun zamanin da: Dutsen Mesa, Dutsen Habude, Dutsen Murufu da sauransu. Yawancin zanen na shanu ne, da jan launi da fari da baƙi, kuma shanun marasa tozo ne, ba irin waɗanda Fulaninmu ke kiwo yau ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna muku cewa masu zanen sun riga mu da nisa. A 1955, lokacin Birnin Kudu na ƙarƙashin lardin Kano, wani Bature masanin kayan tarihi mai suna Bernard Fagg, wanda ya yi suna da binciken gumakan Nok kuma ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, yana aiki a kan waɗannan zane-zane. Sai ya lura da wasu duwatsu a gefen kogunan da ke da 'yan ramuka masu santsi a jikinsu, alamar an daɗe ana dukan wuri ɗaya. Da aka buga su da ƙaramin dutse sai suka yi amo kamar ƙararrawa. Ba murya ɗaya ba kuma. Ka bugi nan ka ji sauti, ka matsa ka bugi can ka ji wani daban.

Ku tsaya ku yi tunanin wannan. Abu mai tauri, ana dukansa a wurare daban-daban, kowane wuri da muryarsa, mutane da yawa na iya bugawa tare. Ai ƙa'idar marimba ke nan, sai dai wannan ba masassaƙi ne ya fafe shi ba. Dutsen da ya ɓalle daga uwarsa ya zauna a kan wasu 'yan wurare kaɗan, sauran jikinsa na sake, shi ne ke iya karkarwa ya yi amo, kamar dai katakon da aka ɗaure a inda ya dace. Aikin mutanen da shi ne ganowa: wane dutse ne ke magana, kuma ina ne bakinsa. Ramukan da ke jiki su ne shaidar cewa sun gano, kuma tsara bayan tsara sun yi ta bugawa har ƙaƙƙarfan dutse ya lotsa.

Fagg ya wallafa abin da ya gani a mujallar Man ta Landan a 1956. Bayan wannan rubutu ne masu bincike suka fara kasa kunne, aka yi ta samun irin duwatsun a Filato da Bauchi da kudancin Kaduna, sannan a Yuganda, Sudan, Tanzaniya, har Indiya. Matarsa Catherine Fagg ta tattara su a littafi guda a 1997. Wato duk wanda zai yi nazarin duwatsu masu amo a duniya yau, in ya bi salsala, sai ya ci karo da sunan Birnin Kudu. Fagg ya kuma ba da rahoton cewa wurin na da alaƙa da al'adun aure, amare na zuwa ɗaya daga cikin kogunan kafin a kai su ɗakin miji. Kun ga ke nan mutanen garin ba jiran Bature suke ya nuna musu ba, sun san abinsu. Abin da ya yi shi ne ya auna, ya rubuta, ya sa sunansa. Shi ya sa littattafai ke cewa shi ya gano.

Wuraren nan suna cikin jerin kayan tarihin ƙasa da Hukumar Gidajen Tarihi ta Najeriya ke kula da su. Amma ina tambayar 'yan Jigawa da ke karanta wannan, tsakani da Allah, mu nawa ne muka taɓa zuwa? Mu nawa ne aka taɓa kai mu daga makaranta? Mun haddace Mungo Park da kogin Kwara don cin jarrabawa, ga abin da ya sa sunan garinmu a littattafan duniya a bayan gida. Garin da sunansa ma Dutse, fadar sarkinsa na Garu a tsakiyar duwatsu.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne irin waɗannan kayan ba sa jira. Kowa na ganin yadda ake fasa duwatsu a yankinmu don tsakuwar gini da titi. Ba na adawa da gini, ni ma ina son titi mai kyau. Amma mai fasa dutse ba ya ƙwanƙwasawa ya ji ko yana amo kafin ya sa nakiya, kuma dutsen da aka fasa ya tafi ke nan. Tun da an sami masu amo a Birnin Kudu da Bauchi da Filato, hankali na ba da cewa duwatsun da ke tsakani sun cancanci a bi su a saurara. Haka ma katakon. Icen da aka fi sassaƙa balafon da shi a Afirka ta Yamma shi ne wanda muke kira madobiya. A 'yan shekarun nan an yi masa sara na fitar hankali a Najeriya, musamman a Taraba inda 'yan katako ke ce masa Madrid, ana lodawa zuwa Sin don yin kujerun alfarma. Abin ya kai an sa shi cikin yarjejeniyar CITES mai taƙaita cinikin itatuwa da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tun daga 2017.

Akwai wata ƙasa da ta bi wata hanya daban, kuma labarinta ya tsaya mini a rai. A farkon shekarun 1960, a birnin Bulawayo na ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe, an buɗe kwalejin kiɗa ta Kwanongoma. Malaman wurin suna neman kayan kiɗan Afirka da za a koyar a makarantu, wanda ba za a ce na wannan ƙabila ne ko na waccan ba. Sai suka duba marimban maƙwabtansu, na Lozi da na Chopi, suka ƙera sabo a girma daban-daban yadda yara za su buga a ƙungiya, kuma suka bar masa zirrr ɗinsa. Malaman da suka horar suka bazu da shi makarantu. A 1968 wani makaɗinsu, Dumisani Maraire, ya tafi koyarwa Jami'ar Washington da ke Seattle, ya dasa shi a can. Yau akwai ƙungiyoyin marimba a makarantun Zimbabuwe da Botsuwana da Afirka ta Kudu, akwai kuma Amurkawa da ke biyan kuɗi su koyi waƙoƙin Shona. Abin da bai fi shekara sittin da 'yan kai ba, har mutane na ɗauka tun kaka da kakanni yake. Su da kansu suka auna nasu, shi ya sa da ya fita duniya da sunansu ya fita.

Ni ba cewa nake a kawo marimba makarantun Jigawa ba. Na san yadda iyaye da malamai da yawa ke kallon kiɗa, kuma wannan muhawara ce da ba a shiri ɗaya za a gama ta ba. Abin da nake magana a kai ya fi haka sauƙi. A 1991 sai kana da masana'anta kafin sautinka ya shiga na'ura. Yau ba haka ba ne. Duk mai haɗa kiɗa da FL Studio ya san ana iya ɗaukar sauti ɗaya, a yanka shi, a shimfiɗa shi a kan maɓallai, ya zama kayan kiɗa. Abin da ake buƙata makirfo mai kyau ne, da wuri shiru, da haƙuri. Muna da Jami'ar Tarayya a Dutse tun 2011, cike da ɗalibai masu neman abin da za su yi bincike a kai. Muna da tsofaffin da har yanzu hannunsu bai manta gurmi da kukuma ba, da iyayenmu mata da suka iya shantu da kiɗan ƙwarya da lugude. A je a same su, a biya su haƙƙinsu, a rubuta sunan kowa a jikin abin da aka ɗauka, don kada gobe a ce wani ne ya gano.

Duwatsun kuwa, a nemi izinin masu kula da wurin da na masu gari tukuna, kada kowa ya ɗauki guduma ya tafi, kuma kada a taɓa zanen ko a jiƙa shi da ruwa don hoto ya fito. Da ƙaramin dutse ake bugawa, a hankali, a cikin ramukan da magabata suka riga suka bari. A ɗauki kowace murya ita kaɗai, a auna ta, a rubuta daga wane dutse ta fito da kuma wane gefe. Da sassafe ya fi, kafin iska ta taso da hayaniyar babura.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.